Raga, Motsi da Amanar Ido: Yadda Kwamfuta Ke Zana Siffofin Lissafi a Bidiyon Koyarwa

Duk ƙwallon da aka gani yana juyawa a bidiyon koyar da lissafi ko kimiyya, komai sulɓinsa, a cikin kwamfutar da ta zana shi raga ce kawai. Jerin ɗigogi ne, kowanne da lambobi uku masu faɗin matsayinsa a tsaye, a kwance da kuma a zurfi, sai jeri na biyu da ke cewa ɗigo kaza da kaza da kaza su haɗu su ba da fuska ɗaya. Iyakar abin da na'urar ta sani game da siffar ke nan. Sulɓin, da sheƙin da ke gefe, da inuwar da ke kwance a baya, duk ado ne da aka ƙara saboda ido. A harkar fim da wasannin bidiyo wannan adon shi ne sana'ar, kuma gwani shi ne wanda ya ɓoye ragarsa har ba mai tunanin tana nan. Malamin da ya ari waɗannan kayan aiki don koyarwa yana cikin wani hali dabam, kuma a ganina da yawa daga masu shiga fagen ba sa lura da bambancin da wuri. Mai kallon fim ya san nishaɗi ya kawo shi. Shi kuwa ɗalibi, duk abin da allo ya nuna masa hujja yake ɗaukarsa, har da motsin da ya gifta cikin rabin sakan wanda malamin ma bai tsaya ya duba ba.

Tubalin ragar alwatika ce, kuma akwai dalili. Ɗigo uku, duk yadda aka watsa su a sarari, suna kwanciya a kan shimfiɗa ɗaya, kamar yadda tukunya ke zama daram a kan duwatsun murhu uku ko da ƙasar ba daidai take ba. Da an ƙara na huɗu, yana iya ɗagawa ko ya nutse, fuskar ta karkace, a rasa takamaimiyar amsa kan inda ta dosa. Shi ya sa ko mai zane ya gina siffarsa da fuskoki masu kusurwa huɗu, katin zanen kwamfuta yakan tsaga kowacce biyu kafin ya fara aiki. A 1972 Ed Catmull, yana ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka, ya zuba kwafin hannunsa na hagu da filasta, ya zazzana fuskoki kusan 350 a jikinsa, ya shigar da lambobin kusurwoyinsu cikin kwamfuta, ya sa hannun yana buɗewa yana rufewa a allo. A 1994 Greg Turk da Marc Levoy na Jami'ar Stanford suka auna wani ɗan mutum-mutumin zomo da na'urar leza, suka fitar da raga mai alwatika 69,451, wadda har yau masu bincike ke gwada sababbin dabarunsu a kanta. Yanzu ko wayar hannu tana ɗaukar abin da ya ninka wannan, don haka yawan alwatika ya daina zama abin damuwa. Abin da ya rage wa malami shi ne tsarin da zai saƙa su a kai.

A ɗauki ƙwallo. Hanya biyu aka fi bi wajen saƙa masa raga. Ta farko ita ce a bi layukan latitud da longitud, irin na taswirar duniya. Idan aka buɗe manhajar Blender aka kira irin wannan ƙwallo ba tare da canza komai ba, za a sami yanka 32 daga ƙololuwa zuwa gindi da zobba 16 a kwance, wato ɗigo 482, gefe 992, fuska 512. Fuskokin tsakiya masu faɗi ne, na kusa da ƙololuwa kuwa sirara, cunkushe a wuri ɗaya. Hanya ta biyu tana farawa da siffa mai fuska 20, duka alwatika masu girma ɗaya, mai ɗigo 12 da gefe 30. A raba kowace fuska huɗu, a tura sababbin ɗigogin waje har su yi nisa ɗaya da tsakiya, sai a sami fuska 80, a maimaita a sami 320, sannan 1,280, kusan duka kai ɗaya.

Mai fim zai zaɓi wadda ta fi karɓar launi ko lanƙwasa ba tare da tabo ba, sannan ya shafe layukan. Ga malami, layukan su ne darasin. Ɗalibin sakandare da ke shirin WAEC yana haɗuwa da tambayar nisa tsakanin garuruwa biyu da ke kan layin latitud ɗaya, a ba shi kilomita 6,400 a matsayin nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da bayanta, kuma inda aka fi tuntuɓe shi ne gane cewa zobban latitud suna tsukewa yayin da ake hawa arewa. Raga ta farko tana faɗin wannan da kanta. Zoben da ya bi ta Kano, a kusan digiri 12 arewa, bai gaza na ikwaita ba sai da kimanin kashi 2 cikin 100, amma na digiri 60 rabinsa ne cif, kuma ido yana ganin haka tun kafin a rubuta kosain a allo. Raga ta biyu ba ta da abin cewa a wannan darasi, ruɗani ma za ta kawo. Sai dai idan darasin ƙa'idar da Leonhard Euler ya bayyana ne a 1750, cewa a irin waɗannan siffofi adadin ɗigo, a debe gefe, a ƙara fuska, kullum 2 ne, to nan ta biyun ta fi magana. Lissafin yana fita a dukansu: 482 ban da 992 a ƙara 512 ya ba da 2, haka ma 12 ban da 30 a ƙara 20. Amma a raga ta biyu ce ake ganin sakamakon ƙa'idar ƙuru-ƙuru: duk yawan rabawar da aka yi, ɗigo 12 na asali suna nan da maƙwabta biyar-biyar, saura kuwa shida-shida. Dalili ɗaya ne ya sa tsohon ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari yake da faci 12 masu kusurwa biyar a tsakanin faci 20 masu kusurwa shida. Malamin da ya shafe layukan don ƙwallonsa ya yi kyau ya zubar da wannan duka.

Bayan an saƙa raga, sai batun sauke ta a allo, wanda shi shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi. A nan ya dace a kawo Manim, domin ita ce manhajar da ta fi tasiri a kan kamannin bidiyon lissafi na wannan zamani. Grant Sanderson, wanda ya karanta lissafi a Stanford, shi ya rubuta ta da harshen Python don tasharsa ta 3Blue1Brown da ya fara a 2015, ya kuma sake ta kyauta. A 2020 wasu masu amfani da ita suka buɗe reshe nasu da suke kula da shi tare, kuma shi ne sababbin shiga suka fi ɗauka. Asalin Manim zane ne a shimfiɗe. Kusan komai a cikinta, harafi ne ko da'ira ko kibiya, lanƙwasassun layuka ne irin waɗanda Pierre Bézier na kamfanin Renault da Paul de Casteljau na Citroën suka ɓullo da su a Faransa don tsara jikin mota. Shi ya sa rubutunta da layukanta suke fita tsaf komai aka matso da kyamara. Amma injin zanenta na asali, Cairo, bai san wani abu wai shi zurfi ba. Don ta nuna siffa mai kauri, sai ta yayyanka ta ƙananan fuskoki, ta lissafa inda kowacce za ta faɗa a allo, ta jera su daga ta nesa zuwa ta kusa, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta kusa tana rufe ta nesa. Ana kiran wannan dabarar mai fenti, kuma tun 1972 Martin Newell da abokan aikinsa suka bayyana ta.

Dabarar tana aiki lafiya muddin siffofi ba su shiga cikin juna ba. Matsalarta ita ce kowace fuska lamba ɗaya tak ake ba ta a matsayin nisa, alhali fuska tana iya kasancewa rabinta a gaban wata, rabinta a baya. A ɗora sanduna uku, na ɗaya a kan na biyu, na biyu a kan na uku, na ukun kuma ya hau kan na ɗaya: babu jerin da zai fitar da su daidai. Abin takaicin shi ne darussan lissafi cike suke da siffofi masu ratsa juna. Idan ana so a nuna yadda shimfiɗa ke yanka siffar mazurari ta fitar da da'ira, a karkata ta ta fitar da siffar ƙwai, a ƙara karkatawa ta fitar da farabola, to layin da suka haɗu shi ne abin da aka tara ɗalibai su gani. Daidai wurin ne kuma dabarar mai fenti take fitar da haƙora-haƙora, fuskoki suna tsalle gaba da baya yayin da kyamara ke zagayawa. Haka sandar da ta huda ƙwallo daga ƙololuwa zuwa gindi takan fito gaba ɗaya a gabansa ko ta ɓace gaba ɗaya a bayansa.

Maganin ya daɗe. A 1974 Catmull a Amurka da Wolfgang Straßer a Jamus, kowa da kansa, suka kawo shawarar a bar jera fuskoki, a riƙa ajiye nisa ga kowane ɗigon allo. Duk fuskar da ta zo neman wani ɗigo, a gwada nisanta a daidai wurin da wanda ke ajiye, in ta fi kusa ta karɓe, in ba haka ba ta haƙura. Wannan ne katin zane na yau yake yi ta hanyar tsarin umarnin zane na OpenGL da ire-irensa, kuma Sanderson ya mayar da nasa reshen Manim kan wannan tsari. Ratsawar siffofi ta daina zama matsala. Sai dai malami ya gamu da sababbi biyu, kuma dukansu a kan abin da ya fi bukata suka faɗa. Na ɗaya, siffa mai shara-shara wadda ake hango cikinta. Fim ba kasafai yake bukatarta ba, amma darasin lissafi kusan kullum yana son a ga tsayin da ke cikin dala ko layin da ya tashi daga tsakiyar ƙwallo. Tsarin ajiye nisa abu ɗaya yake riƙewa a kowane ɗigo, don haka in aka fara zana fuskar gaba, abin da ke bayanta ba zai sami shiga ba, dole a koma jerawa daga nesa. Na biyu, layin da aka zana a jikin siffa, kamar zoben latitud a kan ƙwallo. Nisan layin da na fuskar da yake kai ɗaya ne, sai ƙanƙanin kuskuren lissafi ya riƙa ba wannan nasara a wani hoto, ya ba wancan a na gaba, layin ya yi ta ƙyafƙyafta. Masu sana'ar sukan ɗaga layin kaɗan sama da fuskar, gwargwadon da ido ba zai kama ba.

Ita ma kyamara zaɓi ce. Wadda ke kwaikwayon ido tana ƙanƙantar da abin da ke nesa, gefunan akwati da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa sai su zama kamar za su haɗu can gaba. In darasin yana cewa waɗannan gefuna tsawonsu ɗaya kuma ba sa haɗuwa, ya fi kyau a yi amfani da kyamarar da ba ta rage girma saboda nisa, a bar juyawa a hankali ta nuna zurfin.

Haske kuma ta hanyar wata kibiya ake lissafa shi, wadda ke tsaye cak a kan kowace fuska tana nuna inda ta dosa. Fuskar da kibiyarta ta kalli fitila ta yi haske, wadda ta kauce ta yi duhu. In aka ba kowace fuska launi ɗaya, ragar takan fito fili, a ga kowace alwatika. A 1971 Henri Gouraud, Bafaranshe da ke karatu a Utah, ya nuna yadda za a lissafa haske a kusurwoyi a gauraya shi a tsakani, sai Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam a jami'a ɗaya, ya inganta da gauraya kibiyoyin kansu a kowane ɗigon allo. Da wannan, raga mai fuska ɗari biyar takan yi kama da ƙwallo sumul, ko da yake bakinta na kewaye yana nan da kusurwoyinsa ga mai lura. Ba na ƙin wannan dabara, tana da wurinta. Amma ya kamata malami ya san abin da take yi: tana nuna wa ido lanƙwasar da babu ita a cikin ragar. In darasin shi ne yadda ƙananan fuskoki miƙaƙƙu suke kusantar siffa lanƙwasasshiya, kunna ta daidai yake da ba da amsa kafin a yi tambaya.

Duk waɗannan matsalolin hoto ɗaya ne tsayayye. Inda amanar ta fi nauyi shi ne motsi. Bidiyo mai hoto 60 a sakan, in motsi ya ɗauki sakan biyu, hoto 120 ke nan. Malami na farko da na ƙarshe kawai ya tsara. Sauran 118 manhaja ce ta ƙirƙira, kuma hanyarta mafi sauƙi ita ce ta ɗauki kowane ɗigo ta tura shi a miƙe daga inda yake zuwa inda zai je. Ga ɗaukar siffa daga hagu zuwa dama, wannan daidai ne. Ga juyawa kuwa ɓarna ce. A juya murabba'i digiri 90 ta wannan hanya: kowace kusurwa, maimakon ta bi bakin da'ira, sai ta yanke ta cikin gida, a tsakiyar tafiya gefen murabba'in ya koma kusan kashi 71 cikin 100 na tsawonsa, filinsa ya koma rabi, sannan ya sake kumbura. In digiri 180 ne, duk kusurwoyin huɗu sukan haɗu a tsakiya lokaci ɗaya, siffar ta zama ɗigo ta ɓace, ta sake fitowa. In 360 ne, ba abin da zai motsa sam, domin farko da ƙarshe ɗaya ne. Wannan tarko sananne ne a Manim, har bayanan koyon manhajar sun yi gargaɗi a kansa, kuma akwai umarni na musamman da ke juya kusurwar kanta maimakon jan ɗigogi. Amma a yi tunanin darasin da murya ke cewa juyawa ba ta canza tsawo ko fili, allo kuma yana nuna murabba'i yana tsukewa yana buɗewa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma wani abu ya riga ya zauna masa a karkace.

Ba kullum ba ne tafiya a miƙe take laifi, kuma wannan ne ya sa lamarin ke bukatar hukuncin malami maimakon doka guda. In ana koyar da matiris (jadawalin lambobi da ke faɗin inda kowane ɗigo zai koma) mai kifar da shimfiɗa kamar madubi, aka bar kowane ɗigo ya tafi a miƙe, raga za ta matse ta zama layi ɗaya a tsakiyar hanya kafin ta buɗe a kife. A nan matsewar gaskiya take faɗa: lambar da ke auna yadda fili ke ƙaruwa ko raguwa ta tashi daga 1 zuwa −1, kuma ba yadda za ta yi sai ta bi ta sifiri. Motsi iri ɗaya, a darasin can ƙarya, a wannan kuwa bayani mafi kyau da za a iya yi.

Sauya wata siffa ta koma wata ya fi wannan sarƙaƙiya, domin sai an yanke wane ɗigo ne zai je wane wuri. Manim takan daidaita adadin ɗigogin siffofin biyu, ta ƙara wa mai kaɗan, ta haɗa su bi da bi yadda suke a jere. Ba ruwanta da ma'ana. Sanannen misalin ilimin tofoloji (nazarin abin da ba ya canzawa a siffa in an lanƙwasa ta), cewa kofi mai mariƙi da zobe dunƙulalle abu ɗaya ne domin kowanne rami ɗaya gare shi, yana tsayuwa ne a kan cewa an lanƙwasa ba tare da yagewa ko liƙawa ba. Don bidiyo ya nuna wannan da gaskiya, dole raga ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kowane ɗigo yana riƙe da maƙwabtansa na asali, matsayinsu kaɗai ke canzawa. Wanda ya zana kofi dabam, zobe dabam, ya bar manhaja ta narkar da wannan cikin wancan, bai nuna komai ba, domin da wannan hanyar ko ƙwallo ma zai koma zobe. Lissafin Euler yana tona asiri: ƙwallo 2 yake bayarwa, zobe sifiri, kuma lambar ba ta sauka sai an huda wani wuri. Haka ɗamarar Möbius, wadda August Möbius da Johann Listing suka bayyana a 1858, tana rikita manhajar da ke zaton kowace siffa tana da ciki da waje. Kibiyar haske in ta zagaya ɗamarar takan dawo a kife, sai a ga ɗinki a inda bakin biyu suka haɗu, ko wani sashe ya ɓace. Ana iya gyara wannan da haskaka ɓangarorin biyu, amma malami mai basira zai zana kibiyar a fili ya bar ta ta yi zagayen a gaban ɗalibai, domin kifewarta ita ce duk abin da ake son su gane.

Mafi haɗari a wurina shi ne motsin da ke warware siffa a shimfiɗa ta don auna filinta. Silinda da mazurari suna warwaruwa ba tare da an ja ko an matse ba. Ƙwallo ba ya yi, kuma Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da dalilin a 1827. Amma manhaja ba ta san Gauss ba, duk inda aka ce ɗigo ya je zai je. A yanka ƙwallo sala-sala daga ƙololuwa zuwa gindi, a raba a ikwaita, a miƙar da kowane sala ya zama doguwar alwatika, a jera su a saƙa na arewa cikin na kudu. Motsin yana da kyau ƙwarai, kuma amsar da yake bayarwa ita ce π² sau R² (R shi ne nisan tsakiyar ƙwallo zuwa bayansa), kusan 9.87 R², alhali amsar gaskiya 4π sau R² ce, kusan 12.57 R². Ina kashi ɗaya cikin biyar ya tafi? Gefen sala ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ciki. A digiri 60 faɗinsa rabin na ikwaita ne, amma alwatika mai miƙaƙƙen gefe kashi ɗaya cikin uku take bayarwa a wurin. An aske bambancin kaɗan-kaɗan a cikin hotunan tsakiya, inda ba mai dubawa, kuma ƙara yawan salolin ba ya rage asarar ko kaɗan. Sanderson da kansa ya yi amfani da wannan misali a wani bidiyo na 2022 don ya ja kunnen masu kallonsa kan hujjojin ido.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. Kowa yana ɗauka cewa in raga ta yi laushi sosai, kuma duk ɗigoginta suna kan siffar gaskiya, to filinta zai kusanci na siffar. Wajajen 1880 Hermann Schwarz ya nuna ba dole ba ne. A ɗauki silinda, a zagaya ta da zobba, a sa ɗigogi a kowane zobe, na kowane zobe su faɗa a tsakankanin na ƙasa da shi, a haɗa su da alwatika. In yawan zobban ya riƙa ƙaruwa da sauri fiye da kima a kan yawan ɗigogin kowane zobe, alwatikan sukan daina bin jikin silindar, su kwanta suna ninkuwa ciki da waje. Ragar tana ƙara manne wa silindar, filinta kuma yana hawa ba iyaka. Abin da ya sa dabarar Arkimidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ta yi aiki, lokacin da ya kewaye da'ira ciki da waje da siffofi masu gefe 96 ya kama π tsakanin 223/71 da 22/7, shi ne gefunansa suna bin alkiblar da'irar, ba kusantarta kawai suke yi ba. Kusancin wuri bai isa ba, sai kibiyoyin fuskokin ma sun kusanci na siffar gaskiya. Waɗannan kibiyoyi kuwa su ne ainihin abin da haske mai sulɓi yake gyara wa ido. Duk wanda zai koyar da kalkulas da raga mai ƙara laushi ya kamata ya san wannan misali, ko da ba zai taɓa nuna shi a aji ba.

Game da wace manhaja za a ɗauka, ba na ganin abin dogon jayayya. Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya fara kuma aka 'yantar da ita a 2002 bayan jama'a sun tara Yuro 100,000, an gina ta ne don raga, kuma ta fi Manim nesa ba kusa ba wajen haske, inuwa da siffofi masu ratsa juna. Ga darasin zuciya, injin mota ko ƙwayar halitta, ita ce. Manim ta fi ƙarfi inda siffa take fitowa daga ƙa'idar lissafi, inda ake son lamba a rubuce ta canza tare da zanen a hoto ɗaya, ga kuma rubutun lissafi da manhajar tsara rubutu ta LaTeX ke fitarwa. Tana da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye: tunda fage gaba ɗaya rubutaccen umarni ne, sauya kalmomin allo zuwa Hausa gyaran 'yan layuka ne a sake fitarwa, in dai an zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Dukansu kyauta ne, sai dai lokaci da wutar lantarki. Bidiyon minti 10 mai hoto 60 a sakan hoto 36,000 ne, kowanne da ɗigo 2,073,600 in girmansa 1920 da 1080 ne. Shi ya sa ake gwaji da ƙaramin fitarwa mai hoto 15 a sakan. Sai dai a kula, gwajin yana tsallake uku cikin kowane hoto huɗu, kuma ƙyaftawar fuskoki ko matsewar da ta zo a tsakiyar motsi tana iya ɓuya a cikin waɗanda aka tsallake. Kafin a saki bidiyo, wuraren sauyi sun cancanci a bi su hoto-hoto.

Saura wani mataki da ba ya hannun malami. Da an ɗora bidiyo a YouTube ko an tura shi ta WhatsApp, ana sake matse shi, kuma ɗalibin da ke lallaɓa datarsa a Gusau ko Maraɗi zai iya sauke ingancin zuwa 360. A wannan girma allon ɗigo 640 ne da 360, wato kashi ɗaya cikin uku na faɗin asali, kuma layin raga mai kaurin ɗigo biyu ya koma ƙasa da ɗigo ɗaya. Tsarin matse bidiyo da aka fi amfani da shi yana ajiye bayanin launi a rabin ƙudurin na haske, a tsaye da a kwance, don haka siririn layi ja ko shuɗi a kan baƙi shi ne farkon dusashewa. Raga mai layuka da yawa tana juyawa tana daga cikin abin da ya fi wahalar matsewa, domin kusan kowane ɗigo yana canzawa a kowane hoto, sai ta rikiɗe ta zama igiyoyin ruwa masu rawa da ba sa cikin zanen asali. Ƙwallo mai zobba 64 sirara da ya yi kyau a babban allon mai tsarawa yakan isa wayar ɗalibi a matsayin hazo. Zobba 12 masu kauri, masu haske sosai a kan duhu, da kyamara mai juyawa a hankali wadda ke tsayawa cak duk lokacin da ake son a karanta lamba, sukan isa lafiya. A digiri 15-15 ma aka saba zana layukan a taswirar aji, kuma hakan ya sa zoben digiri 60 yana cikinsu, a shirye don a ba shi launi nasa a kwatanta shi da ikwaita.